Ganuwar da Ba a San Magininta Ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kasuwa ko a gaban alƙali maganar ba ta da makusa. Sai dai akwai wani hoto a tarihin ilmin taurari wanda aka shafe fiye da shekara 70 ana kallonsa, ana sake ɗaukarsa da na'urori waɗanda kowace ta fi ta gabanta kaifin ido, amma har yau masu kallon ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da asalin abin da suke gani. Tarihin wannan hoto nake so in bi, daga farantin gilashin da aka fara ganinsa a kai zuwa inda gardamar ta tsaya a zamaninmu.

A shekarar 1950 wani Ba'amurke mai suna Arthur Hoag, ɗan shekara 29, yana karatun digiri na uku a Jami'ar Harvard. A wancan zamani ba a san kyamarar lantarki ba. Farantin gilashi ake shafa wa sinadari mai jin haske, a ɗora shi a gindin na'urar hangen nesa, a bar shi a buɗe na tsawon lokaci yana tara hasken da idon mutum ba zai iya tarawa ba, sa'an nan a wanke shi a ɗaki mai duhu. Taurari su fito baƙaƙe a kan fari, kamar an watsa wa takarda tawada. A kan irin wannan faranti ne Hoag ya ga wani ɗigo, da fili kewaye da shi, da kuma wani siririn zobe a bayan filin, zagayayye sumul kamar an zana shi da bakin ƙwarya. Wurin da abin yake a sama shi ne jerin taurarin da Larabawa ke kira Hayya, wato Maciji, ta wajen kansa. Babbar tauraruwar wannan jeri har yanzu Turawa da sunanta na Larabci suke kiranta, Unuƙul Hayya, wuyan maciji, ko da yake harshensu ya tauna sunan.

Kada mai karatu ya fita tsakar gida yana neman abin. A farkon damina, idan dare ya ɗan yi nisa, yana ratsawa kusan ta tsakar kanmu a Kiyako, ɗan karkace kaɗan zuwa arewa, amma dusashewarsa ta ninka ta tauraruwa mafi dusashewa da ido ke iya kamawa wajen sau 10,000. Faɗinsa a sama kuwa, sai an jera irinsa kamar 40 kafin su cika faɗin wata ɗan daren sha huɗu. Na taso inda tsofaffi ke nuna mana Kaza da 'Ya'yanta da Zara da Gamzaki, inda malamai ke ƙirga manzilolin wata 28 su gaya wa manomi ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Wannan ilmi ne na gaske, mai tushe, wanda ya fitar da mutane irin su Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan lissafi da taurari ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Amma duk iyakarsa abin da ido ya gani. Abin da Hoag ya tsinta na wata duniyar gani ce dabam, wadda gilashi da sinadari suka buɗe.

Domin a fahimci ruɗewar Hoag, sai an ɗan koma baya. A shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari na ƙasar Farisa, ya ambaci wani ɗan girgije a cikin littafinsa na siffofin taurari, wanda shi ne ake kira Andoromeda a yau. Kusan shekara 1,000 ba wanda ya tabbatar da ko mene ne shi, sai a 1923 da Edwin Hubble ya ɗauki hotonsa a Dutsen Wilson na Kalifoniya, ya gano wata tauraruwa a cikinsa mai ƙaruwa da raguwar haske, ya yi amfani da ita ya auna nisansa. Sai ga shi ɗan girgijen nan taron taurari ne biliyoyi, can nesa da namu taron. Irin wannan taro shi Turawa ke kira galaksi, Larabawa su ce majarra. Ni a nan zan kira shi birnin taurari, saboda dalilin da zai bayyana a gaba. A 1926 Hubble ya rarraba biranen zuwa gida-gida: masu siffar ƙwai, masu hannaye a murɗe kamar guguwa, masu hannayen da wani sanda ya ratsa tsakiyarsu, sai kuma marasa tsari. Ɗigo da zobe zagayayye da fili a tsakaninsu bai da ɗaki a wannan gida.

Hoag ya rubuta gajeren bayani a kan abin, ya kira shi wani baƙon abu a cikin Maciji, ya kawo zato fiye da ɗaya. Da farko abin ya yi kama da hayaƙin da tsohuwar tauraruwa ke fesarwa idan ajalinta ya kusa, wanda yakan fito kamar zobe da ɗigo a tsaka. Idan haka ne, to maƙwabcinmu ne, a cikin namu birnin yake. Amma ɗigon tsakiyar bai yi tsinin tauraruwa ba, ya yi dishi-dishi. Ko kuwa wani sabon irin birni ne da ba a taɓa gani ba. Zato na uku shi ya fi ƙarfin hali. A 1936 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa idan abu mai nauyi ya tsaya daidai tsakanin mai kallo da wani haske na nesa, nauyinsa zai tanƙwara hasken ta kowane gefe, mai kallo ya ga zobe inda babu zobe. Hoag ya ce mai yiwuwa wannan ne. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin irin wannan tanƙwarar haske tsakanin birane. Sai a 1979 aka tabbatar da ta farko, zoben Einstein na farko kuwa sai a 1988. Ina ganin darajar Hoag a nan take: ya ga abin da zai iya ɗaga sunansa, amma ya jera zatonsa a matsayin zato, ya bar hukunci ga wanda zai zo da ma'auni.

Kama da wane ba ta wane. Zobe siffa ce da abubuwa da yawa ke iya haifarwa, kuma siffar ba ta faɗin uwarta. Idan wata ya kafa sansani da dare, babu wani abu zagayayye a can. Ƙanƙara ce ƙanana a cikin siraran gizagizai ke karya haske. Idan yaro ya jefa dutse a kududdufi, zoben da ke buɗewa motsi ne mai wucewa. A ƙasar Gwaram ma muna da namu zobban: masana duwatsu suna lissafa tsaunukan Fagam da na Kila cikin jerin duwatsun arewacin Nijeriya da suka kafu a zagaye, inda narkakken dutse ya taso ta tsagar da ta kewaye bakin wani tsohon dutse mai aman wuta bayan tsakiyarsa ta rufta. Zobe uku ke nan, na farko ruɗin ido, na biyu girgiza, na uku rufti. Wanda aka miƙa wa hoton zobe kawai, ba tare da wani labari ba, ba shi da hanyar sanin wanne aka ba shi.

Shekara 24 abin yana kwance kafin a zo da ma'aunin. A 1974 masana uku, Robert O'Connell da Jeffrey Scargle da Wallace Sargent, suka tsaga hasken ɗigon tsakiyar zuwa launukansa kamar bakan gizo, suka duba layukan da sinadarai ke bari a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Kudu ya san yadda ƙahon mota ke siranta idan tana tahowa, ya yi kauri idan ta wuce. Haske ma haka yake yi: abin da ke gudu daga gare mu, layukansa sukan gusa zuwa wajen ja. Suka tarar ɗigon yana nesanta da mu da gudun kilomita wajen 12,700 a kowace daƙiƙa. Babu tauraruwar birninmu da ke irin wannan gudu, saboda haka zancen hayaƙin tsohuwar tauraruwa ya faɗi. Bisa ƙa'idar faɗaɗar sararin samaniya, wannan gudu yana nufin nisan da haske zai yi shekara kimanin miliyan 600 kafin ya ratsa.

Wannan adadi yana da sauƙin faɗi. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, daga rana zuwa gare mu minti 8 ne da 'yan kai. Tsaunukan Fagam da Kila da na ambata, waɗanda muke ɗauka kamar tare da duniya aka yi su, masana sun auna irin duwatsunsu a Nijeriya sun tarar mafi tsufansu bai wuce shekara miliyan 220 ba. Ashe hasken da ya faɗa kan farantin Hoag ya riga ya ci kusan kashi biyu cikin uku na tafiyarsa kafin a kafa su.

Saura zaton Einstein. Idan zoben ruɗin ido ne, to haskensa na wani abu ne da ke can baya da nisa, kuma dole gudunsa ya bambanta da na ɗigon. A 1987 François Schweizer da abokan aikinsa suka auna zoben shi kansa, suka tarar gudunsu ɗaya da tsakiyar. Jiki ɗaya ne. Suka kuma ji amon iskar haidurojin mai yawa daga wurin ta na'urar sauraron rediyo, wato kayan da ake gina sababbin taurari da su. Ta haka aka tabbatar da zato na biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin ban mamaki a baki, mafi wahalar warwarewa a aiki: birni ne na gaske, faɗinsa tafiyar haske ta shekara kimanin 120,000, tsakiyarsa tsofaffin taurari masu ruwan ɗorawa, zobensa sababbi masu shuɗi. Launin ba ado ba ne. Maƙeri ya san ƙarfe yakan fara da ja, ya koma ɗorawa, ya yi fari idan wuta ta kai masa. Tauraruwa mai shuɗi ta fi duka zafi, tana cinye makamashinta da gaggawa ta mutu da ƙuruciya. Duk inda aka ga shuɗi da yawa, ana haihuwar taurari a wurin yanzu-yanzu.

Ga dalilin da ya sa na ce birni. Wanda ya san tsohon Kano ya san cewa mutane sun zauna a gindin Dala ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa a ƙarni na 12, kamar yadda Tarihin Kano ya kawo, kuma Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ba a manne ganuwar da gidaje ba. An bar fili mai faɗi tsakaninta da gari, na noma da kiwo idan an kewaye birni da yaƙi, kuma Heinrich Barth ya tarar da filin nan da ya shigo Kano a 1851. Tsohon gari a tsaka, fili, sa'an nan sabuwar ganuwa: tsarin abin Hoag ke nan. Bambancin shi ne Kano ta bar mana sunan magininta da inda aka haƙo ƙasar, domin kududdufan birni shaida ne. A can sama kuwa ga ganuwa tsaye, ba magini, ba kududdufi.

An nemi maginin. Akwai wani birni mai zobe da Fritz Zwicky ya gano a 1941, wanda ake kira Ƙafar Amalanke saboda siffarsa, kuma labarinsa a fili yake. Wani ƙaramin birni ne ya ratsa ta tsakiyarsa kamar kibiya, girgizar ta bazu waje tana matse iska tana kunna taurari, daidai da dutse a kududdufi. A 1976 Roger Lynds da Alar Toomre suka nuna da lissafin kwamfuta yadda irin wannan karo ke haifar da zobe. Amma a irin waɗannan birane akan ga maharin a kusa yana tserewa, zoben yakan karkace, tsakiyar takan goce gefe. Abin Hoag yana zaune shi kaɗai a unguwarsa, zobensa daidai, tsakiyarsa a tsakiya. An ga rauni ba a ga kibiya ba, raunin ma bai yi kama da na kibiya ba.

A 1985 Noah Brosch na Jami'ar Tel Abib ya kawo wata shawara: wataƙila dā birnin yana da sanda a tsakiyarsa, sandan ya yi ta juyawa yana share iska zuwa gefe kamar mai shara da tsintsiya, daga baya ya narke ya bar zobe. Schweizer ya ƙi wannan, domin ya tarar tsakiyar dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, alhali sanda a faifai yake tsirowa. Shi nasa zaton, wani ƙaramin birni ne ya matso shekara biliyan 2 zuwa 3 da suka wuce, babban ya yayyaga shi, iskarsa ta zauna tana kewaya. Magana ce mai ma'ana, sai dai irin wannan cin yakan bar ɓurɓushi, wutsiyoyin taurari da suka zube a hanya, kuma ba a same su ba.

Ana cikin haka nesa ta zo kusa. An harba na'urar hangen nesa ta Hubble a watan Afrilu na 1990, aka tarar madubinta na da aibi, sai a watan Disamba na 1993 'yan sama jannati suka je suka gyara, suka ɗora mata sabuwar kyamara. Da wannan kyamara aka ɗauki abin Hoag ranar 9 ga Yuli, 2001, aka fitar da hoton ga jama'a a watan Satumba na 2002. Shi ne hoton da ke yawo a littattafai da intanet: ƙwallo mai ruwan zinariya, duhu kewaye da shi, sa'an nan zobe mai shuɗi da ya rarrabu zuwa curi-curin taurari. Ya kamata ɗalibi ya san cewa kyamarar ba ta ganin launi. Ana ɗaukar abu sau da yawa ta matatan haske dabam-dabam, kowane hoto baƙi da fari, sa'an nan a ba kowanne launinsa a haɗa. Launukan gaskiya suke faɗi game da zafi da shekaru, amma hannun mutum ya shiga tsakani. Arthur Hoag bai ga wannan hoto ba. Ya shugabanci cibiyar kallon taurari ta Lowell a Arizona daga 1977 zuwa 1986, ya rasu a watan Yuli na 1999, saura shekara 2 a ɗauka.

Hoton ya zo da wata tsaraba da ba wanda ya aika a sayo. A cikin filin nan mai duhu, tsakanin gari da ganuwa, ana hango wani ɗan ƙaramin zobe ja-ja. Wani birni ne mai zobe, can baya da nisa ƙwarai, wanda ya faɗo daidai ta wannan taga. Biranen da ke da siffar abin Hoag ba su kai ɗaya cikin 1,000 ba a ƙiyasin masana, sai ga mai zobe ta cikin mai zobe. Babu wata alaƙa tsakaninsu sai ta layin kallo. Da birninmu ya ɗan gusa gefe da ba mu gan su a haɗe ba. Duk da haka ban taɓa kallon wurin ba ba tare da na ce tsarki ya tabbata ga Mai halitta ba.

Kyakkyawan hoto bai kashe gardama ba, ya dai sa ta fito sarai. A 2011 Ido Finkelman da Alexei Moiseev da Brosch ɗin nan da Ivan Katkov suka yi amfani da babbar na'urar Rasha mai madubin mita 6 da ke tsaunukan Kokeshiya, suka auna motsin iskar zoben da shekarun taurarin tsakiya. Suka ce tsakiyar ta haura shekara biliyan 10, tsohon birni ne cikakke mai siffar ƙwai, zoben kuwa ya taru ne sannu a hankali daga iska mai sanyi da ke kwararowa daga sararin da ke tsakanin birane, ba tare da wani karo ba. Abin lura, Brosch da kansa yana cikin waɗanda suka ajiye zancen sanda suka ɗauki wannan. A 2013 aka saurari wurin da na'urorin rediyo na Westerbork a ƙasar Holand, aka tarar iskar haidurojin ita ma zobe ce, ta ma zarce zoben taurarin faɗi, kuma ba alamar wani sabon karo. A nawa ganin wannan bayani ya fi sauran nauyi, domin shi kaɗai ne bai bukaci mai laifin da ya ɓace ba. Amma bai gama biyan bashi ba: bai faɗi dalilin da ya sa iskar ta tsaya a wannan tazara ta bar fili fayau ba, kuma idan haka iska ke kwarara ko'ina, me ya sa irin wannan birni ya yi ƙaranci haka?

Muna da irin wannan matsala a ƙofar gidanmu. A tsakiyar shekarun 1950, 'yan shekaru bayan Hoag ya tsinci zobensa, Bernard Fagg na hukumar kayan tarihi ya bayyana wa duniya zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, tare da duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa. Shanu ne aka zana, da yawansu marasa tozo, alhali shanun da ke kiwo a gindin duwatsun a yau masu tozo ne. Hoton yana nan, kowa na iya zuwa ya gani, amma yana nuna garken da ya shuɗe, kuma mai zanen bai bar suna ba. Wanda ya tsaya gaban Dutsen Habude da wanda ya tsaya gaban hoton Hubble aikinsu ɗaya: su karanta abin da ya faru daga abin da ya rage. Na Hubble ma ya fi tsanani, domin taurari masu shuɗin da ke cikin hoton duk sun daɗe da mutuwa. Ba mai rayuwar shekara miliyan 600 a cikinsu. Ko zoben yana nan yau, ko ya cike, ko ya watse, labarin yana kan hanya.

A 2017 wata Baturkiya mai suna Burçin Mutlu-Pakdil, tana ɗaliba a Minesota ta Amurka, ta bayyana wani birni mai irin wannan siffa, ta kuma nuna cewa bayan zoben waje mai shuɗi yana da wani tsohon zobe ja-ja a ciki, kusa da tsakiya. Ganuwa biyu ke nan, ta dā da ta baya, kamar yadda Rumfa ya ƙara a kan ta Gijimasu. Wannan ya nuna cewa ginin zobe na iya faruwa fiye da sau ɗaya a rayuwar birni guda, kuma mai yiwuwa ba hanya ɗaya ce ke kai kowanne ga siffarsa ba. Kyamarar da ta ɗauki abin Hoag kuwa, 'yan sama jannati sun ciro ta daga jikin Hubble a watan Mayu na 2009, suka dawo da ita ƙasa, aka kai ta gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washinton, jikinta duk tabon ƙananan tsakuwoyin da suka yi ta bugunta cikin shekara 15 da ta yi tana kewaya duniya.